Maganar ɗan marigayi: wasiƙa daga Tawa

Unguwar Bilbis, Tawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Alhajin Abijan, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran Adarawan da ke nan tare da ku. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan sai godiya. An gama girbi, wanda ya samu ya samu, sanyi ya fara sauka, ƙura ta rufe gari. Mai ɗakina tana gaida uwargida, ta ce a faɗa mata atamfar ta iso.

Saƙonka ya zo tare da kuɗin motar. Suna nan a ajiye, ban taɓa ko dala ba. Na ƙi amsa maka ta salula ne saboda na san halinka, kafin in kai aya ka katse ni. Ka ce in sa ɗan marigayi a mota ya zo wurinka, ka ɗora shi a teburin shayi a unguwar Ajame, in ya yi hankali ka buɗe masa nasa. Allah ya saka maka da alheri, ka riƙe zumuncin aboki bayan ransa. Amma ni ban goyi baya ba, kuma ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ka kira ni kana faɗa.

Rabonka da yaron nan tun yana gara taya a ƙofar gida. Wancan yaron kake aiko wa kuɗin mota, shi kuwa babu shi yanzu.

Ka san yadda marigayi ya manne wa garin Tiliya, can arewa. Tebur ɗaya na sukari da ganyen shayi da dabino da batir, amma babu Buzun da zai shigo kasuwa bai tsaya wurinsa ba. Tun da aka sa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara a 2017 muke roƙonsa ya dawo gida, yana cewa bashinsa na hannun mutane, kuma mutanen kirki ne. Zazzaɓi ya ɗauke shi a daminar 2020. Uwar yaran ta dawo nan takaba da 'yan matan. Shi kuma namijin, wani dattijon Buzu aminin marigayi ya ce a bar masa shi ya yi kiwo, zai ci abin da 'ya'yansa suka ci, kuma zai ware masa awaki. Dangi suka yarda, don ba wanda yake da hatsin ƙarin baki a lokacin. Yana da shekara goma sha biyu.

Kai da ka saba da rijiyar fadama, wadda za ka leƙa ka ga fuskarka, ba ka san rijiyar Azawak ba. Can ba hannu ke jan wasaki ba, jaki ne ko raƙumi. Aikin yaron shi ne ya kora jakin da igiya a ɗaure, ya yi ta tafiya har sai wanda ke bakin rijiya ya yi masa ihu cewa wasaki ya fito, sannan ya juyo, a sake. Daga asuba har rana ta karkata. Tafin ƙafarsa har yau ƙaya ba ta shigarsa. A nan ya koyi Buzanci, ya tsinci Fillanci a bakin rijiya, ya koyi tatsa, ya koyi ɗaure salka a ƙarƙashin cikin jaki don ruwa ya yi sanyi a inuwa, ya koyi gane sawun kowace akuya a cikin garke.

Sai ranar Lahadi, 21 ga Maris 2021. Kun ji a rediyo kamar yadda muka ji: mutane a kan moto suka afka wa ƙauyukan yankin Tiliya, Intazayan da Bakorat da Wistan, da zangunan da ke kewaye, gwamnati ta ce an kashe mutum 137, aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa duka. A ranar shi yana daji da awaki, tare da jikan dattijon, ɗan ƙaramin yaro da bai wuce shekara bakwai ba. Da yamma suka dawo suka tarar zango ya tashi. Bukkoki a tsaye, tukunya a kan murhu, ba kowa. Mutanen sun ji labari sun watse, kowa ya ɗauka yaran suna tare da wani.

Duk abin da zan faɗa maka daga nan ban ji shi a zama ɗaya ba. Ni ba ya ba ni labari. Mai ɗakina yake gaya wa, guntu-guntu, in tana tuƙa tuwo shi kuma yana gyara mata itace, ita ce take kawo mini da dare.

Ya cika salka biyu, ya ɗora ƙaramin a kan jaki, ya kora awaki ya nufi kudu. Ba ya tafiya da rana, saboda zafin bazara ya fara, kuma ƙurar garke ana hango ta daga nesa. Sai rana ta faɗi ya tashi, ya sa tauraron arewa a ƙeyarsa kamar yadda dattijon ya nuna masa. Ya ƙi bin hanyar mota. In ya ji ƙarar inji ko daga ina, sai su kwanta a cikin kwari ya toshe bakin ƙaramin da hannu. Abincinsu nonon akuya da busasshiyar magarya da aduwa. Da nonon ya ja baya saboda ƙishirwa, ya kama ɗan akuya ya fuskantar da shi alƙibla ya yanka. Bai taɓa yanka da hannunsa ba sai ran nan, kuma bai hura wuta ba sai a cikin rami. Ƙaramin kullum yana tambayar uwarsa, shi kuma kullum yana ce masa tana rijiya ta gaba. Ya tambayi mai ɗakina ko Allah zai kama shi da wannan ƙaryar.

Ga wanda ya fi tsaya mini a rai. Awaki sun mutu masa a hanya, na ƙishirwa da na gajiya. Kowace ta faɗi sai ya yanke kunnen da ke ɗauke da shaidar mai ita, ya shanya, ya jefa a jaka. Ba wanda ya sa shi. Yaron da bai san ko zai kai gobe ba, yana tanadin abin da zai nuna ranar da za a tambaye shi lissafi.

A Telemses suka faɗa cikin 'yan gudun hijira. Wata gwaggon ƙaramin ta gane shi ta ɗauke shi, amma ba ta san inda dattijon ya nufa ba. Wani direba ɗan nan Adar ya ji sunan uban yaron, ya nemo lambata. Na ce a sa shi a mota, ko nawa ne zan biya. Ya ce in ba da awaki ba, ba ya hawa. Haka ya biyo wasu makiyaya ta Takanamat, a ƙafa, har bayan gari.

Ka tuna daminar 2021 ba ta yi kyau ba, tiyar hatsi ta yi tsada. Uwarsa ba ta da komai sai surfe da wankau. Babu wanda bai ce masa ya sayar da awakin nan ba, har da masu gemu: mai su ya mutu, ko yana raye ba zai zo ba, kuma ai yana riƙe da bashin ubanka. Ba ya musu da babba, sai ya sunkuyar da kai ya ce to, gobe ka gan shi ya kora su kiwo. Yana sayar da nono, yana dako a kasuwa ya sayi dusa da harawa. Kowace Lahadi, ranar kasuwar Tawa, yana bin Buzaye ɗaya bayan ɗaya yana tambaya da harshensu. Sai bayan damina ta biyu wani mai raƙumi ya ce ya ga dattijon a wajen Abalak. Ya kora garken ya kai masa, da 'ya'yan da suka haifa, da jakar kunnuwan. Dattijon ya ware masa rabonsa, ya biya bashin marigayi har da wanda ba a rubuta ba, sannan ya kira malami aka yi addu'a ya naɗa masa rawani da hannunsa, yadda suke yi wa 'ya'yansu in sun isa maza. Ya dawo mana fuska a rufe, ƙannensa suna dariya, shi ko a jikinsa.

Mutane suna cewa ya zama namiji, suna yaba shi a majalisa. Ni ina yabawa, amma ba na murna sosai. Mu ma mun ga wuya a shekarunsa. Ka tuna yunwar El Buhari a 1984, Najeriya ta rufe iyaka ga fari, iyayenmu mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, daga baya suna ɗaukar duwatsu a aikin Keita ana biyansu da abinci. Sai dai mu yunwa muka gudar wa, kuma muna kwana kusa da uwa. Shi har yau ba ya kwana a ɗaki, ko da sanyi, sai a tsakar gida kusa da turke. In ɗan kabu-kabu ya wuce da dare zumbur yake miƙewa. Ba ya zubar da ruwan alwala, tara shi yake ya ba tunkiya. Sa'o'insa suna kallon ƙwallo a salula, shi yana gefe kamar baƙo. Kuma bai iya karatun boko ba, ko sunansa ba ya rubutawa. Wannan yaron kake so in aika garin da inji ba ya yin shiru dare da rana, ya tsaya yana zuba wa mutane madara a kofi?

Kada ka ce na raina teburin shayi. Da shi ka gina gida a Wadata, da shi ka sauke farali. Kuma na san abin da kake tsoro. Tun da aka soke dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure, a watan Nuwamba 2023, hanyar Agadas ta sake buɗewa, samarin unguwa suna ta zubewa Libiya. Waɗanda suka bi ta Aljeriya kuma ana kwaso su a zubar a hamada, kilomita 15 daga Asamaka, su ƙarasa a ƙafa. In zaɓin tsakanin wannan ne da wurinka, da ni da kaina zan rako shi, ko da kuwa sai mun tsallaka kogi da jirgin ruwa a Gaya. Bida gadonmu ce mu Adarawa, wane gida ne ba shi da mutum a waje?

Amma shi yana da abin da mu ba mu da shi lokacin da muka fita. Yanzu yaron wani dillali ne a kasuwar bisashe, Lahadi a nan, Alhamis a Badagishiri. Buzu ya kawo raƙumi, Bafillace ya kawo sa, mai saye ya zo daga Ƙonni ko Illela, shi ne a tsakiya yana juya magana harshe uku. Yana buɗe bakin rago ya faɗa maka shekarunsa, yana bambance Balami da Uda da Ara-ara tun daga nesa, yana gane bisar da aka ɗura wa ruwa don ta yi ciki. Labarin jakar kunnuwan kuma ya zaga arewa, har akwai Buzayen da ba sa ba kowa igiyar bisarsu sai shi. Maigidansa ya ce mini rabin la'adar da yake samu yanzu albarkacin yaron ne. A Abijan wa ya san wannan? Can zai zama ɗan Nijar mai shayi na dubu da ɗaya.

Na gaya masa saƙonka, ban ɓoye ba. Ya yi shiru, sannan ya ce: “Kawu, a yi wa Alhaji godiya. In na tafi, wa zai riƙe su?” Uwarsa da ƙannensa yake nufi. Babbar tana aji na ƙarshe a firamare, shi ke sayen littafi da sabulu. Da zai tashi ya tambaye ni, a kunyace, ko kuɗin motar za su isa rago biyu.

To ga abin da nake roƙo. Ka ba ni izini in ƙara nawa a kan naka, a saya masa 'yan raguna yanzu da suke da sauƙi, ya turke su zuwa layya. Ribar tasa, uwar kuɗin taka, in ka ga dama ka bar masa. Na yi magana da wani malamin lakwal maƙwabcinmu zai riƙa koya masa karatu da lissafi bayan isha'i, don dillalin da ba ya karanta lamba a salula cutarsa za a yi ta yi. Takardar haihuwa ma ba shi da ita, na fara bin ta kotu, ana neman shaidu biyu, ni da liman za mu tsaya. In nan da shekara biyu shi da bakinsa ya ce yana son ganin teku, ba zan hana ba.

Kuma ka kira shi da kanka, kada ka bi ta kaina. Ranar Juma'a bayan an sauko yana wurina. In ka kira, ka bar wannan “kai yaro” da ka saba, ka gaishe shi, ka tambaye shi kasuwa, ka jira ya amsa, don yana daɗewa kafin ya buɗe baki. Ka ba shi labarin ubansa lokacin da muke samari, musamman kokawar da ya sha kaye a gaban 'yan mata. Ni in na fara sai murya ta ƙi.

Katangar gidanka ta gabas ta tsage tun ruwan Agusta, na sa magini ya duba, zan aiko maka da abin da ya ce. In wani zai taho ka haɗo ni da goro fari, na nan duk ya bushe. Ka gaida uwargida da yara, da duk wanda ya tambaye ni.

Wassalam.

Naka,
abokinka na Bilbis