Ku kawo ɗinkin Sallah tun da wuri, mu ma muna son Lailatul Ƙadri

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa, kai da masu karanta wannan shafi.

Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi, shekarata 22 a kan keke. Kukan da na kawo na duk mai sana'ar ɗinki ne a zangunanmu, daga Asawase har Tafo.

Bara, daren 27 ga azumi, wajen ƙarfe biyu, ina jin limaminmu ta lasifika muryarsa na rawa cikin alƙunutu, jama'a na amsawa da amin. Ni kuwa ina duƙe kan wuyan wata babbar riga. Aka ɗauke wuta, na cije tocila a baki ina zura zare a allura. Yarona ɗaya ya yi barci a kan tarin shadda da almakashi a hannunsa, kokon da ya sayo don sahur ya huce a leda. Da aka kira assalatu, raka'a ko ɗaya ban yi ba.

Daren Lailatul Ƙadri fa shi ne Suratul Ƙadri ta ce ya fi wata dubu alheri, wato shekara 83 da wata 4. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai kai wannan shekarun ba. Nana A'isha ta ruwaito cewa idan goman ƙarshe suka shigo, Manzon Allah (SAW) yakan ɗaura ɗamara, ya raya dare, ya tashi iyalinsa. Mu a goman nan ne muke rataya tef a wuya, saboda sai azumi ya yi ashirin mutane ke tuna hanyar kasuwar Kejetia, su auno yadi su jibge mana, kowa yana cewa, "Maigida, nawa dai kafin Idi."

Wata Hajiya, tsohuwar mai kawo mini aiki, ta ce, "Ɗana, ai daren 27 ne kawai, sai ka rufe shago ranar." Na san inda ta samo. Ubayyu ɗan Ka'abu har rantsuwa ya yi cewa daren 27 ne, malamai da yawa kuma sun karkata can. Amma umarnin da ya zo shi ne a neme shi a dararen mara na goman ƙarshe: 21, 23, 25, 27 da 29. Ga shi wata shekarar ba rana ɗaya muke ɗaukar azumi ba. Wani ya jira sanarwar Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, maƙwabcinsa ya riga shi da kwana guda. To daren maran wa za a bi? Kamata ya yi mutum ya kama goman duka.

Akwai hadisi a Buhari da nake jin kunyarsa. Manzon Allah ya fito zai faɗa wa sahabbai daren, sai ya tarar da mutum biyu suna jayayya, aka ɗauke sanin. Ka leƙo shagon tela a daren 29 ka ji irin cacar bakin da ake yi a kan hannun riga.

Ba zan wanke kanmu ba. Muna da kwaɗayi, muna karɓar aikin da ya fi ƙarfinmu, "dawo gobe" kuma ta zame mana kamar sallama. Na kuma san akwai wanda sai ƙarshen wata kuɗi ke shigo masa, ko yana jiran ɗansa ya turo daga waje; wannan ba da shi nake ba. Da mai hali nake, wanda yadinsa ke cikin akwati tun Rajab.

Ina roƙon malamanmu masu tafsiri su riƙa saka wannan cikin tunatarwa tun makon farko. Ni dai bana na manna takarda a ƙofar shago: daga 10 ga azumi ba na karɓar sabon yadi, daga daren 21 kuma ana idar da isha'i zan rufe. Mutum biyu sun riga sun kwashe kayansu cikin fushi. Hajiya kuwa ta kawo nata ranar 3 ga wata, har da na jikokinta.

Naka,
Wani tela daga Aboabo, Kumasi