Direban da bai yi barci ba da mashayi, tafiyarsu ɗaya

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon fili a wannan jarida mu yi magana da direbobin doguwar tafiya, da masu motocin da suke ja, da fasinjojin da ke bayansu. A nan Arewa, da an ambaci tuƙi cikin maye sai mutum ya ce ba da shi ake ba, tunda bai taɓa kai giya bakinsa ba. Madalla da hakan. Sai dai direban da ya kwana bai runtsa ba, ya ɗauko lodi daga Kano zai kai Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, ƙwaƙwalwarsa ba ta da maraba da ta mashayi. Binciken da aka yi a Ostareliya ya nuna wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin lurarsa ya ragu kamar na mai giya 0.05 cikin ɗari a jini, wato iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da ita. In ya kai awa 24, abin ya ninka.

Barcin da ke kashe mutane a kan kwalta gajere ne ƙwarai, daƙiƙa uku zuwa biyar, wani lokacin ma ido a buɗe yake, direban bai san ya tafi ba. A yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa huɗu na gyangyaɗi ke nan mita 111, ya fi tsawon filin ƙwallo, mota na tafiya babu mai riƙe da ita. Shi ya sa irin wannan haɗari yake da kamanninsa: hanya miƙaƙƙiya, babu rami babu kwana, amma mota ta tsallaka hannun wasu ko ta shige ƙarƙashin tirelar da ke tsaye, kuma in aka duba kwalta ba a ganin shatin birki ko ɗaya. Da cikakken gudunta ta daka.

Jiki yana yin gargaɗi kafin a kai nan. Hamma a kai a kai, ido ya yi nauyi, wuya ya riƙa saki, taya ta riƙa taɓa gefen titi, ka wuce gari ba ka tuna ka wuce shi ba. Lokutan da barci ya fi kai hari su ne daga ƙarfe 2 na dare zuwa 6 na safe, sai kuma bayan azahar zuwa la'asar, musamman in an cika ciki da tuwo ko shinkafa. Da azumi a ƙara da wanda ya yi sahur ya kama hanya bayan asuba alhali daren bai kwanta ba.

Dabarun da aka saba, wato sauke gilashi, ƙure rediyo, watsa ruwa a fuska, 'yan mintoci kawai suke saya. Goro da kofi da lemon ƙara kuzari duk sinadari ɗaya ne a cikinsu, yana ɗaukar kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya fara aiki, kuma rufe gajiyar yake yi, bashin barcin na nan. Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne Tramadol da ake sayarwa a ɓoye a tashoshi da sunan maganin gajiya. Maganin ciwo ne dangin masu sa maye. Yana kashe jin ciwon baya da na kafaɗa, sai direba ya zaci ya wartsake, alhali yana rage kaifin hankali, yana kawo jiri da barci, in an sha da yawa yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya yana riƙe da sitiyari. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta haramta a 2018, shi ma haka. Har maganin mura na halal irin su Piriton yana sa barci, don haka a tambayi mai kemis kafin a sha a kama hanya.

Masu kurɓa kuma, ko giyar kwalba ko ta leda ko jiƙon da ake cewa maganin basir ne alhali da barasa aka haɗa shi, su sani hanta kamar ƙaramin kofin giya ɗaya take iya tacewa a awa guda. Wanka da shayi mai kauri ba sa gaggauta ta. Wanda ya sha da yawa da tsakar dare yana iya wayar gari da saura a jininsa.

Abin yi a fili yake. A samu barcin awa bakwai kafin doguwar tafiya. A tsaya duk bayan awa biyu a taka ƙasa, ko da na minti 15 ne. In alamun nan sun bayyana, a nemi wuri a sauka daga kan titi gaba ɗaya, a sha kofi ko a ci goro, a kwanta minti 15 zuwa 20, a tashi a wanke fuska, a ɗan zagaya kafin a tada mota. Wannan na ƙarasawa masauki ne kawai, ba ya maye gurbin barcin dare. Mun san tsoron 'yan bindiga yana hana tsayawa a daji, kuma tsoro ne mai dalili. Saboda haka tun daga tasha ake tsara inda za a yada zango, irin su Mararrabar Jos ko Tafa, inda akwai jama'a da haske. Direban da iyalinsa ke cewa yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa na ɗaukewa, kuma kullum yana tashi a gajiye, ya ga likita, domin cuta ce da ake magancewa.

Laifin bai tsaya kan direba ba. Mai motar da ya yanka balas ɗin da ba ya fita sai an yi sahu biyu a kwana ɗaya, shi ya tura yaronsa ga ƙwaya. A Tarayyar Turai doka ta hana direban babbar mota wuce awa huɗu da rabi bai huta minti 45 ba, kuma akwai na'ura a motar da ke rubuta hakan. Muna kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motocin sufuri ta NARTO su sa littafi a kowace tasha, a rubuta lokacin da direba ya iso, kada a ba shi lodi sai ya yi barci, tafiyar da ta wuce awa tara kuma a sa direba biyu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta FRSC da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA su riƙa shiga tashoshi kafin motoci su tashi.

Fasinja kuma ya daina cewa direba ya taka. Wanda ya zauna a gaba kada ya yi barci, ya riƙa duban idon direba yana jansa da hira. In ya ga kansa ya fara saki, ya ce, "Malam direba, don Allah mu tsaya." In ya ƙi, sauran fasinjoji su sa baki, a kuma kira FRSC a lamba 122.

Wassalam.
Daga wasu malaman koyar da tuƙi, Kano.