Iyaye maza a Romaniya na cikin damuwa

Edita, salamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in yi magana kan iyaye maza na Romaniya. Tun da ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2007 miliyoyin mutane suka tafi ci-rani Italiya da Sifaniya, uba na can yana aikin gini yana turo kuɗi, yaro na hannun kaka sai dai a gaisa ta bidiyo, in ya dawo ma yaron ya riƙa noƙewa kamar ya ga baƙo. Ga namiji da zurfin ciki, wasu sai su faɗa shan giya. Hutun da ake ba uba in an haihu kuma kwana 10 na aiki, gaskiya ya yi kaɗan, gwamnatinsu ta ƙara mana.

Mai karatunku, daga Kano