Daga Agege zuwa ga Sarkin Barci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya sanyin Sakkwato, yaya uwargida da yara, yaya ɗalibanka? Na san kana fushi da ni, kuma da gaskiyarka. Wata biyar ke nan da ka aiko dogon saƙon nan, kullum ina cewa sai na sami natsuwa in zauna in rubuta maka da kyau, don maganar ta fi ƙarfin waya. Ka yafe ni.

Albishirinka, na sami aikin! Wannan dai da Inna ta daɗe tana tashi tsakar dare a kansa. An ɗauke ni a sashen kasafi da tsare-tsare da ƙididdiga na wata ƙaramar hukuma a nan, jami'in nazarin ayyuka, mataki na 8. Ranar da takarda ta fito Inna ta soya waina ta raba wa layinmu kaf, har gidan Iya mai burodi. Baba kuwa bai ce uffan ba sai da muka fito sallar isha'i, ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya ce, "Kuɗin mutane ne, ka ji tsoron Allah." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ka tambaye ni wane irin aiki ne, da kuma abin da ƙaninka zai tanada in yana sha'awa. To, ka ɗauki kundin tsarin mulki na 1999 ka buɗe jadawali na huɗu, za ka ga abin da aka ɗora wa ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, magudanan ruwa, shara, sa wa tituna suna da lambar gidaje, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har lasisin keke da baro da kwalekwale. Kowanne da masu yinsa. Nawa shi ne in bi sawunsu in ga yadda aikin ke tafiya a ƙasa, nawa yake ci, ina yake tsayawa, ta ina kuɗi ke zurarewa, sannan in rubuta wa maigidanmu rahoto da shawara, shi kuma ya kai gaban ciyaman.

Na farkon da aka ba ni shi ne fayil ɗin masu neman izinin shago, don mutane na ta kukan daɗewa. Na liƙa 'yar takarda a bangon kowane fayil, duk teburin da ya sauka a rubuta rana, in ya tashi ma a rubuta. Bayan mako uku na zuba ranakun a kwamfuta. Ashe duk tafiyar a durowa ɗaya take kwana: mai hatimi mutum ɗaya ne, kuma kwana biyu a kowane mako yana fita zagaye. Ba mugunta yake yi ba, aiki ne ya yi masa yawa. Na ba da shawara a ba mataimakinsa izinin sa hannu a ranakun, aka amince. Wallahi ranar da wata tsohuwa ta karɓi takardarta tana ta sa albarka da Yarbanci, sai na ji kamar ni aka bai wa shagon.

Ikko kuma ka san lissafinta daban ne. A cikin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, 20 kawai kundin ya san Legas da su, alhali Kano na da 44. Sauran 37 ɗin da Tinubu ya ƙirƙiro a 2003 yana gwamna, waɗanda Obasanjo ya riƙe wa jihar kuɗi a kansu, har yau yankunan raya ƙasa ake kiransu. Kuɗin Abuja da sunan 20 ɗin yake zuwa, sai a raba da su. Shi ya sa kafin ka ce wata hukuma ta yi ɓarna ko ta yi tattali, sai ka fara gano nawa ne ya iso hannunta, kuma aikin nata ne ko na jiha. Shara ma misali ce: a takarda tamu ce, amma LAWMA, hukumar shara ta jiha, da 'yan kwangilarta ke kwashewa. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, maganar da ake yi a ofis ke nan, kowa na son littafinsa ya zama tsaf.

Af, kafin in manta. In ka zo ba za ka gane Pen Cinema ba. Gadar sama da aka buɗe a 2021 ta kashe gosulon nan da muke kwana a ciki, ga kuma jirgin ƙasan da ake kira Red Line daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege. Amma kai ba zan bar ka ka hau shi kai kaɗai ba. Mutumin da ya yi barci a danfo daga Oshodi sai da kwandasta ya tashe shi a Sango, in ya shiga jirgi mai sanyi ai sai dai mu je Agbado da cigiya. Mai shayinmu na bakin masallaci ya ƙara aure, kuma har yanzu yana tambayar kuɗin ƙwansa biyu. Na ce masa malami ne kai yanzu, zai ga alheri.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci, wanda shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan.

Watan jiya aka tura ni wata kasuwa in ƙirga rumfuna, saboda kuɗin shigar da take kawowa bai yi kama da girmanta ba. Ni aka zaɓa don ɓangaren 'yan gwari mutanenmu ne, kuma ni kaɗai ke jin Hausa a sashen. Na je da asuba, lokacin da ake sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa, ƙasa duk caɓi, 'yan dako na ta a ba su hanya. Ina tafe da littafi ina rubutu, sai na ji an kira ni da sunan da Baba kaɗai ke kirana da shi. Ashe tsohon nan ne mai tattasai, abokin Baba, wanda yake ba mu kuɗin makarantar allo ranar Laraba. Ya dubi littafin, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ƙidayar nan ta gyara ce ko ta kora?"

Na rasa amsa. Ya jawo ni cikin rumfa, ya ɗauko wani tsohon gwangwanin madara, ya zazzage a kan buhu. Tikiti ne fal, wasu sun jiƙe sun manne. Ya ware mini na jiya kaɗai, guda uku, launi uku. Ɗaya ne tak ke da hatimin hukuma. Sauran biyun wasu samari ne ke zuwa karɓa, kuma wanda ya yi gardama kayansa ne za su kwana a rana. Ya ce shekara da shekaru haka suke biya, ba su san wanne ke isa sakatariya ba.

Kwana shida na yi ina zagaye, kuma abu biyu na samo. Rumfunan sun fi abin da ke littafinmu yawa nesa ba kusa ba. Sannan abin da 'yan kasuwa ke fitarwa daga aljihu kullum ya fi abin da ke shiga asusun hukuma. Na rubuta duka biyun. Na ba da shawara a koma rasit guda ɗaya, a riƙa biya ta banki ko na'urar cirar kuɗi, a kafa allo a ƙofar kasuwa da farashin a rubuce da Yarbanci da Hausa da Turanci, a kuma zauna da Iyaloja, wato shugabar kasuwa, da shugabannin 'yan gwari kafin a taɓa komai.

Tsorona shi ne a ɗauki shafin farko a bar na biyu. A ce ga rumfuna sun ƙaru, a ƙara haraji, masu tikitin bogi kuma su ci gaba da cin karensu ba babbaka. In haka ta faru, da hannuna na ɗora wa tsohon nan kaya na huɗu. Kuma ka san zuciyar mutanenmu a ɗar-ɗar take. Sun ga yadda hana acaba a 2022 ya mayar da samari da yawa gida, sun ga an rufe kasuwar Mile 12 a 2023 kan maganar tsafta. Duk wanda ya zo musu da biro da littafi, abin da suke tunawa ke nan. Na yi tunanin in rage adadin, ba zan ɓoye maka ba. Dare biyu ina juya abin. Amma in na rage yau don mutanena, gobe da wane baki zan ce lissafin wani ƙarya ne? Na bar shi yadda na ƙirga. Maigidanmu mutumin kirki ne, ya karanta ya ce shafi na biyun ya fi na farko nauyi, sai dai ba shi ke yanke hukunci ba.

Gwaggo ta zo daga Zariya, tana nan har bayan suna. Ƙanwata ta sauka lafiya, namiji. Gwaggo ta ce in gaya maka ta ji labarin tumbin da ka ajiye, wai ko albashin malamai aka ƙara ba a sanar ba.

Maganar ƙaninka. Ya tabbata yana da digiri ko babbar difloma a tattalin arziki, ko ƙididdiga, ko akanta, ko harkar mulki, da takardar kammala bautar ƙasa. Daga mataki na 7 zuwa sama hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke ɗauka, don haka sanarwarta zai riƙa bibiya a can inda yake. Ya zauna ya koyi Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, sosai, har ya iya tattara layi dubu ya mayar da shi ɗan jadawalin da ciyaman zai gane cikin minti biyu. Mu a intabiyu jadawali aka miƙo mana aka ce mu nuna inda lissafin ya karkace. Ya koyi rubuta rahoto gajere. In kuma nan yake son zuwa, to ya fara Yarbanci tun yanzu, don rabin abin da na sani a bakin masu shara da 'yan kasuwa na ji shi, ba a fayil ba. Ka ba shi lambata.

Ranar Talata za a zauna kan rahoton, kuma an ce in shiga in yi bayani da bakina. Na roƙi tsohon ya ara mini gwangwanin, ya ba ni, yana cikin jakata yanzu haka. Niyyata in zazzage shi a kan tebur kamar yadda ya yi mini. Kai da ka fi ni sanyin kai, kana ganin hakan ya dace, ko zai zama kamar na zo da rigima gaban manya? Ka kira ni kafin daren Litinin, kada ka ce sai ka rubuto. Ka kuma sa ɗalibanka su taya mu da addu'a.

Inna na gaishe ka, ta ce kilishin da ka yi alkawari tun Babbar Sallah har yanzu yana hanya. Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Abokinka na layin masallaci, Agege.