Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Ƙwadago: Wa Ya Huta Ranar Hutun?

Zuwa ga Mai girma Ministan Ƙwadago na Ghana, Dokta Rashid Pelpuo.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, Allah ya taya riƙo. Ba zan ja gaisuwar ba, abin da ke tafe da ni ya fi ta nauyi.

Mun gode da ranar Shaqq, wato hutun washegarin ƙaramar Sallah. Shugaba Mahama ya yi alƙawari lokacin kamfen cewa zai ƙara wa Musulmi rana guda a ƙaramar Sallah, kuma a 2025 Majalisa ta gyara dokar ranakun hutu, ta sa washegarin Sallah a ciki, ta maido da hutun 1 ga Yuli, Ranar Jamhuriya. Ɗan majalisarmu na Asawase, Alhaji Muntaka, shi ke sanar da ranakun a matsayinsa na Ministan Cikin Gida, muna kuwa ji a rediyo muna hamdala. Wannan an cika. To amma wa ya huta?

Ma'aikacin gwamnati ya huta, na banki ya huta. 'Ya'yan Zango yawancinsu ba a can suke ba. Gadi suke yi a kamfanonin tsaro masu zaman kansu, suna zuba mai a gidajen mai, suna dako a sito-siton Kaase da Asokwa, suna tsaron shagunan wasu a Adum. Ka zo Kumasi da hantsin Sallah ka gani da idonka. Jama'a na kwarara zuwa idi da sabon ɗinki, ga mai gadi can a ƙofar sito kan kujerar roba, cikin yunifom ɗin da ya kwana da shi, tun shida na yammacin jiya. Wanda zai canje shi bai zo ba, ba zai zo ba kuma, domin kamfanin bai ajiye mutum na biyu ba. Kaftanin da ya yi wata yana biyan tela a hankali yana rataye a ɗaki. Ba na cewa a bar sito ba mai tsaro. Cewa nake a ƙarshen wata ba sisin kwabo da za a ƙara masa saboda wannan rana, ba a kuma musanya masa da wata ba. In ya yi magana, sufabaiza ya ce akwai mutum goma a waje suna jiran kujerar.

Ranka ya daɗe, kai ka fi ni sanin Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651. Sashe na 20 ya ba kowane ma'aikaci aƙalla kwanakin aiki 15 na hutun shekara da cikakken albashi. Sashe na 31 ya ce duk yarjejeniyar da aka yi a kan ya yafe hutun nan ba ta da tasiri, ko da ya sa hannu. Sashe na 72 ya ce a biya shi ranar hutun ƙasa. Awa 8 a yini, awa 40 a mako, hutun awa 48 a jere a cikin kowane kwana bakwai. Duk a rubuce suke fiye da shekara ashirin. Ni kuwa a nan Aboabo na san magidantan da suka tsufa a bakin get ba su taɓa jin an ce musu "tafi gida ka huta mako uku" ba. Hutunsu ɗaya ne, ranar da jiki ya ƙi, ita ma a cire ta a albashi.

Kuma ba rashin sani ke damun masu kamfanonin ba. Sun san doka sarai, shi ya sa suka iya zagaye ta. Doka ta ce ɗan wucin gadin da ya yi wata shida a jere wajen mai gida ɗaya ya zama kamar na dindindin. Sai su sallami yaro a wata na biyar, ya zauna gida ɗan lokaci, su sake ɗaukarsa kamar ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Shekara da shekaru yana sabon ɗauka. Ba takardar kwantiragi, ba hutu, asusun fansho na SSNIT kuwa sai ranar da ya je dubawa zai tarar ba a zuba masa komai ba. Wasu ta hannun ɗan kwangila suke ɗauka: kamfani ya ce ba yaronsa ba ne, ɗan kwangila ya ce kamfani bai ba shi kuɗin hutu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin yana hannunka, ba sai an koma Majalisa ba. Sashe na 27 ya wajabta wa kowane mai ɗaukar aiki ya ajiye rajista: ranar da ya ɗauki ma'aikaci, kwanakin hutun da ya cancanta, ranar da ya tafi, abin da aka biya shi. Dokar nan kuma ta ba sufetocin Sashen Ƙwadago ikon shiga wurin aiki su nemi takardu. To ina sufetocin? Ɗan sanda muna ganinsa a kan titi, mai karɓar haraji na KMA, hukumar birnin Kumasi, ba ya ɓata hanyar shago, mai yanke wuta ma ya san kowane lungu na Sabon Zango. Sufeton ƙwadago kaɗai ne ba a san kamanninsa ba. In mota ce ba su da ita, ko mai, ko yawansu ne bai kai ba, ka fito ka faɗa a bainar jama'a, ka nemi kuɗin a kasafi. Cewa ma'aikaci ya kai ƙara Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa ba amsa ba ce. Mutumin da ba shi da ko takardar shaidar an ɗauke shi, wanda in ya rasa yini ɗaya ya rasa abincin gida, shi ne zai bar bakin aiki ya je ya shigar da mai gidansa?

Gwamnatinku na ta yi mana bushara da tattalin arziki na awa 24, aiki ɗaya a raba wa mutum uku. Madalla. Sai dai masu gadinmu sun riga ku farawa, su kaɗai suke cinye awoyin ba tare da an raba da kowa ba. In aka buɗe masana'antu dare da rana ba mai duba rajistar hutu, abin da muke gani a bakin sito shi za a yaɗa ko'ina.

Don Allah, ka dubi mata. Sashe na 57 ya ba mai haihuwa aƙalla mako 12 da albashinta, da ƙarin mako biyu in tagwaye ne ko haihuwar ta zo da matsala, da awa ɗaya kullum ta shayarwa. Jam'iyyarku ta yi maganar kai shi wata huɗu. Muna jira. Amma yarinyar gidan mai da na sani, ko wankan jego ba ta gama ba ta koma kan famfo, ta ɗaure ƙirji da zane a ƙarƙashin riga, jaririn yana wajen kaka, saboda an aiko mata cewa in ta ƙara mako za a sa wata. Ita mako 12 ɗin ma labari ne. 'Yan aikin gida kuma an yi musu ƙa'idoji tun 2020, ban ga uwar ɗakin da ta ji labarinsu ba. Sabuwar dokar ƙwadagon da ake ta cewa tana tafe, Allah ya kawo ta.

Roƙona ɗaya ne. Kafin Sallah mai zuwa, ka tura sufetoci kamfanonin tsaro da gidajen mai da sito-siton Kumasi, ba tare da sanarwa ba, su ce a kawo rajistar hutu. Wanda ba shi da ita a hukunta shi, a kuma buga sunansa. A fassara haƙƙoƙin nan da Hausa da Twi da Dagbani a karanta a gidajen rediyo, a ba da lambar da ma'aikaci zai kira ba tare da an kai sunansa ga mai gida ba. Sannan ka faɗa wa Majalisa wuraren aiki nawa aka duba, nawa aka kama.

Na gode. Wassalam.

Wani magidanci daga Aboabo, Kumasi.