Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Darasin Ƙarfi Da Matsi A Wannan Zango

Assalamu alaikum, iyayenmu maza da mata, da duk masu riƙon yaranmu. Muna fatan kuna lafiya tare da iyalai.

Wasu iyaye sun aiko tambaya a kan dalilin da ya sa 'yan aji ɗaya na babbar sakandare suke ta tattara robobin ruwa suna hudawa a gida. Ku yi haƙuri da su, aikin makaranta ne. A darasin fiziks na wannan zango suna kan babin ƙarfi da matsi, kuma mun lura yaro yakan haddace lissafin tsaf, amma idan aka juya masa tambayar kaɗan sai ya yi tsuru-tsuru. Shi ya sa muka fi son su taɓa abin da hannunsu.

Ƙarfi dai shi ne turawa ko ja. Ana auna shi da niyutan, sunan da aka ɗauko daga Baturen Ingila Isaac Newton, wanda ya wallafa ƙa'idojinsa uku na motsi a 1687. Ƙasa tana jan kowane kilo ɗaya da kimanin niyutan 10, saboda haka buhun shinkafa mai kilo 50 yana danna ƙasa da niyutan kusan 500. Wannan bai ba yaran wuya ba.

Inda suke tuntuɓe shi ne matsi, wato ƙarfi a raba shi da faɗin wurin da ya sauka a kai. Ku dubi yarinyar da ta ɗebo bokitin ruwa mai lita 20. Nauyinsa niyutan 200 ne, ko da gammo ko babu. Idan babu gammo, nauyin duka yana taruwa a ɗan wuri guda a tsakar kanta, kafin ta kai ƙofar gida ta fara jin zogi. Da ta naɗe ɗankwali ta ɗora, sai nauyin ya bazu. In faɗin wurin ya ninka biyu, matsin ya ragu da rabi. Bokitin bai ragu da ko ɗigo ba. Akasin haka mahauci yake nema idan yana wasa wuƙa: bakin ya sirance, ƙarfi kaɗan ya taru a wuri ƙanƙani, nama ya yanku. Ma'aunin matsi shi ne faskal, daga sunan Blaise Pascal na Faransa, kuma faskal ɗaya niyutan ɗaya ne a kan murabba'in mita.

To, batun robobin. An ce kowane ɗalibi ya huda roba a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, ya cika ta da ruwa ya tsaya ya gani. Ta hudar sama ruwan tsiyaya kawai yake yi yana bin jikin robar, ta ƙasa kuwa feshi yake fitowa da ƙarfinsa, domin duk ruwan da ke bisa yana danna shi. Matsin ruwa da zurfi yake tafiya. Dalilin ke nan da ake ɗaga tankin ruwa a kan hasumiya, kuma ake gina bangon madatsar ruwa irin ta Kainji ko ta Tiga da kauri a gindi fiye da sama.

Iyaye masu noman rani, ku ne malaman babi na gaba. Kun san injin ban ruwa ba ya tsotso ruwa daga rijiya mai zurfi sosai, sai an haƙa masa rami an saukar da shi. Ba raunin injin ba ne. Iskar da ke kanmu ce take tura ruwan ya hau tiyo, kuma iyakar ƙarfinta ta ɗaga shi kimanin mita 10. A aikace ma ba a kaiwa haka. Wannan tambayar ce ta kai Torricelli na Italiya ga gwajinsa na 1643, inda ya nuna nauyin iska yana riƙe ruwan zaiba a cikin bututun gilashi har tsawon santimita 76. Don Allah ku tafi da yaran gona ranar Asabar, ku bar su su yi ta tambaya, ko da ta ishe ku.

Muna da roƙo biyu. Kada a bar ƙananan yara da ƙusa ko allura. Babba ya huda musu robar. Sannan a mako mai zuwa za a yi gwajin yadda jak yake ɗaga mota, da sirinji biyu da siririn tiyo. Makaranta ce za ta ba da sababbin sirinji marasa allura, saboda haka kada wani yaro ya tsinto tsoho a bola ko a bayan kemis.

Ɗaliban za su kawo rahoton gwajin robar a littafin aikin gida, da zane da bayani cikin kalmominsu. Wanda yaya ko yayarsa ta rubuta masa, malamai suna ganewa. Mai tambaya zai iya zuwa ofishin sashen kimiyya bayan an tashi, ko ya bari sai taron iyaye da malamai.

Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani.

Naku,
Shugaban Sashen Kimiyya