Marubutanmu, ina rabon yaran Legas?

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da marubutan Hausa.

Ni tela ce a Agege. 'Yata mai shekara 15, da an yi Isha sai ta ɗauke min waya ta hau karatun labaran Turanci, irin waɗanda duniya ke rushewa, matasa na neman tsira. Rannan ta ba ni labarin wani na Suyi Davies Okungbowa da ya fito a 2024: teku ta cinye Legas, mutane suka koma zaman dogayen benaye a tsakiyar ruwa. Na ce ta nemo min irinsa da Hausa. Ta ce, "Umma, na duba, soyayya ce da kishiya kawai nake samu."

Abin ya tsaya min a rai. Tun 1934 Abubakar Imam ya ba mu Ruwan Bagaja, a 1969 kuma Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. Kuma mu abin al'ajabi a cikin gida yake zaune. Kakata ba ta zubar da ruwan zafi da dare sai ta yi bisimilla, kada ta ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye, tana faɗa kamar maganar maƙwabtan ɗaki. Irin wannan nake so, ba sarki da takobi ba. A ce damina ta ƙi ɗaukewa, kasuwar Mile 12 ta nutse, 'yar mai fura da ƙawarta Bayarabiya da ɗan Ibo mai gyaran waya su shiga kwalekwalen wani yaron Makoko, unguwar nan ta kan ruwa, aljanar rijiyar gidansu tana zaune a baya riƙe da ƙullin kayanta, ba wanda ya ce mata kanzil. Haka yaranmu suke cuɗe a makaranta, Hausa da Yarbanci da buroka a baki ɗaya.

Wani zai ce tashin ƙiyama ba abin wasa ba ne. Haka ne, lokacinta sanin Allah ne. Amma nutsewar gari mun gani da ido: a Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta cika da ruwa, har kadoji da macizai suka fito daga gidan zu.

Roƙona, ku ware shafi ɗaya a wata don irin waɗannan labarai. 'Yata dai ta riga ta fara, a bayan littafinta na lissafi.

Taku,
Wata uwa, Agege, Legas